Dillalin da Aka Tsare a Jihohi Huɗu: Yadda Kotun Ƙolin Amurka ta Auna Tsawon Laifin Garkuwa

Wannan nazari ya bi sawun wani mutum da za mu kira dillali kawai, domin dillanci ne ya jefa shi cikin masifar. A shekarun 1990 ya shiga tsakani a wani cinikin hodar iblis a Amurka, cinikin ya ɓaci, aka kama shi a Teksas, aka tsare shi a wasu jihohi uku, ya kuɓuta a ta ƙarshe. Wahalarsa ta yanke ranar da ya tsere, amma tambayar da ta bari sai da ta kai Kotun Ƙoli: wanda ya ɗora wa mutum bindiga a wuya a wata jiha, ana iya yi masa shari'ar bindigar a jihar da bai taɓa riƙe ta ba? A kundin kotu ana kiran shari'ar United States v. Rodriguez-Moreno.

## Asalin rikicin

A birnin Hiyustan na jihar Teksas aka ƙulla cinikin. Mai kayan ɗan Teksas ne, mai saye kuwa daga Niyu Yok ya zo, dillali kuma shi ne ya haɗa su. Mai sayen ya yi awon gaba da hodar iblis mai nauyin kilo 30, bai biya ko sisi ba.

Wanda aka sace wa haramtaccen kaya ba shi da bakin kai ƙara wurin 'yan sanda. Sai mai kayan ya ɗauki 'yan haya, ya ba su aiki biyu: su nemo masa ɓarawon, kuma su riƙe dillalin har a same shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wanda ya gudu da kayan yana can ya ɓace, wanda ya haɗa cinikin ne ya zama garkuwa. Cikin 'yan hayan akwai mutumin da shari'ar ta ɗauki sunansa daga baya, wanda za mu riƙa kira ɗan hayan.

## Tafiyar

Mai kayan da yaransa suka sa dillalin a mota, suka ɗauki hanya daga Teksas har Niyu Jasi, tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Da suka isa, gidan dillalin kansa suka mayar sansani. Suka yi 'yan kwanaki a ciki suna cigiyar ɓarawon, mai gida yana tsare a ɗakinsa. Daga nan suka koma wani gida a Niyu Yok, sannan suka sake ɗaura kaya zuwa wani gidan a jihar Merilan. Duk inda suka sa ƙafa, dillalin yana hannunsu.

Akwai abu ɗaya a wannan zango da duk shari'ar ta rataya a kansa. Gwamnati ba ta da hujjar cewa ɗan hayan ya riƙe bindiga a Teksas, ko a Niyu Jasi, ko a Niyu Yok, kuma ita da kanta ta amince da hakan a gaban kotu.

## Gidan Merilan

Jim kaɗan da isarsu Merilan, mai gidan ya fito da libarba ƙirar .357 magnum, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu, ta tsaya a hannun ɗan hayan. A lokacin ta bayyana cewa neman ɓarawon ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Ɗan hayan ya ce wa ubangidansa gara a kashe dillalin a huta da neman. Ya ɗora masa bakin bindigar a ƙeya. Abokan tafiyarsa suka yi ta ba shi baki, bai harba ba.

Daga baya dillalin ya sami sarari, ya fice ta ƙofar baya, ya ruga gidan maƙwabta. Maƙwabtan suka kira 'yan sandan Merilan, aka kama ɗan hayan da sauran. Aka ƙwace libarbar, bincike ya nuna zanen yatsan ɗan hayan a jikinta.

## Dokokin da suka haɗu a kan lamarin

Masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya suka karɓi lamarin. Dokoki uku ne suka zo wuri ɗaya, kuma ba a fahimtar abin da ya biyo baya sai an san su.

Ta farko ita ce dokar tarayya kan satar mutane, sashe na 1201 na kundi na 18 na dokokin Amurka. An kafa ta a 1932, bayan sace jaririn shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh daga gidansu a Niyu Jasi ranar 1 ga Maris na shekarar, shi ya sa har yau ake kiranta dokar Lindbergh. Kafin ita, satar mutum al'amarin jiha ne, mai laifi kuwa da ya tsallaka iyaka ya fita daga hannun 'yan sandan da ke binsa. Dokar ta ba tarayya hurumi idan an ƙetare iyakar jiha da wanda aka sace. Tana kuma ɗauke da wani zato na shari'a: idan aka yi awa 24 ba a saki mutum ba, ana ɗauka an ƙetare iyaka da shi, sai in an kawo hujjar da ta rushe zaton. Hukuncinta yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Ta biyu ita ce sashe na 924(c)(1), wanda ya tanadi hukunci na daban ga duk wanda ya yi amfani da bindiga, ko ya ɗauke ta, a lokacin aikata laifin ƙarfi kuma dangane da shi. A wancan lokaci hukuncin shekara 5 ne tilas, alƙali ba shi da ikon ragewa, kuma ba ya fara ƙirguwa sai an gama zaman hukuncin babban laifin.

Ta uku ta fi su duka tsufa da nauyi. Kundin tsarin mulkin Amurka ya faɗa sau biyu cewa inda aka aikata laifi a nan ake shari'arsa: a babi na 3, sannan a gyara na shida, wanda ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa shari'a gaban masu taya alƙali yanke hukunci daga jiha da gundumar da aka yi laifin. Wannan haƙƙi yana da tarihi mai ɗaci. Cikin koke-koken da Amurkawa suka jera wa Sarkin Ingila a takardar ayyana 'yancin kai ta 1776 akwai cewa ana kwasar mutanensu zuwa ƙetaren teku a yi musu shari'a, nesa da danginsu da shaidunsu. Sai dai Majalisar Dokoki ta san akwai laifuffukan da ba sa zama wuri ɗaya, saboda haka sashe na 3237(a) ya ce laifin da aka fara a wata gunduma aka ƙarasa a wata, ko aka aikata a gundumomi da yawa, ana iya shari'arsa a duk inda aka fara shi, ko aka ci gaba da shi, ko aka kammala shi.

## Shari'ar farko a Niyu Jasi

Gwamnati ta zaɓi kotun tarayya ta gundumar Niyu Jasi, ta gurfanar da mutanen tare. An tuhumi ɗan hayan da haɗa baki wajen yin garkuwa, da garkuwar kanta, da amfani da bindiga a lokacin garkuwar.

Babu wanda ya yi gardamar cewa Niyu Jasi tana da hurumin tuhumar garkuwa, tunda an tsare mutumin a can kwanaki. Da gwamnati ta rufe gabatar da shaidunta, lauyan ɗan hayan ya tashi ya nemi a kori tuhumar bindiga. Hujjarsa gajeriya ce: wuri ɗaya tak gwamnati ta nuna an yi amfani da bindiga, wato Merilan, don haka can kaɗai ake iya wannan shari'ar.

Alƙali ya ƙi. Masu taya shi yanke hukunci suka sami ɗan hayan da laifin garkuwa da na bindiga. Aka yanke masa wata 87 kan garkuwa, da ƙarin wata 60 kan bindiga bayan ya gama na farkon. Jimilla wata 147, wato shekara 12 da wata 3. Duk jayayyar da ta biyo baya a kan waɗannan wata 60 aka yi ta.

## 1997: ma'aunin aikatau

Ɗan hayan ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta uku, mai zama a Filadelfiya. A nan hujjarsa ta ci. Alƙalai biyu cikin uku suka soke hukuncin bindigar.

Hanyar da suka bi ita ce wadda lauyoyin Amurka suka daɗe suna amfani da ita wajen gano wurin laifi. Ana duba nassin doka, a tsamo kalmomin aikatau da ke cikinsa, a tambaya a ina aka aikata su. A sashe na 924(c)(1) aikatau biyu ne: amfani da bindiga da ɗaukar ta. Dukansu a Merilan suka faru. A ganin alƙalan biyu, maganar garkuwa da ke cikin nassin yanayi ne kawai da aka yi amfani da bindigar a cikinsa, yanayi kuwa ba ya samar da wurin shari'a.

Alƙali na uku, Samuel Alito, wanda ya hau kujerar Kotun Ƙoli a 2006, ya saɓa musu. A ra'ayinsa nahawu kaɗai ba ya isa a gane laifi, dole a dubi ainihin abin da doka ta hana. Garkuwar tana cikin jikin laifin bindigar, saboda haka duk inda aka yi garkuwar an yi wani sashe na laifin.

Kotunan shiyyoyi sun riga sun rabu a kan wannan. Ta shiyya ta tara ta bi ma'aunin aikatau a 1994, ta shiyya ta biyar kuma ta ce a 1995 duk inda ya halatta a yi shari'ar babban laifin, ya halatta a yi ta bindigar. Doka ɗaya ta tarayya tana ba da amsa biyu, gwargwadon inda aka kama mutum. Gwamnati ta kai maganar Kotun Ƙoli, kotun ta karɓa.

## 1998: hukuncin da ya ƙarfafa gwiwar masu kare shi

Ana cikin wannan jira, a watan Yunin 1998, Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'ar wurin laifi, United States v. Cabrales, kuma duk alƙalan suka tsaya a baki ɗaya. An tuhumi wata mata da halatta kuɗin haram. Kuɗin sun fito ne daga cinikin ƙwaya a jihar Mizuri, amma sakawa da cirewa a banki duk a Fulorida ta yi su. Gwamnati ta gurfanar da ita a Mizuri, kotu ta ce ba wurin ba ne. Cinikin ƙwayar laifi ne da ya riga ya wuce kafin nata ya fara, don haka ba ya jan shari'arta zuwa inda aka yi shi.

A zahiri wannan ya yi kama da lamarin ɗan hayan: laifi na biyu da ya dogara a kan na farko, kotu kuma ta ce a bi inda aka yi na biyun. An saurari bahasin lauyoyi a shari'ar ɗan hayan ranar 7 ga Disamba, 1998. Ɓangaren ɗan hayan ya tsaya a kan cewa laifin bindiga na lokaci guda ne, yana aukuwa ne a daidai ɗan taƙin da garkuwa da bindiga suka haɗu, kuma a Merilan kaɗai suka haɗu.

## 30 ga Maris, 1999: hukuncin Kotun Ƙoli

Alƙalai 7 suka goyi bayan gwamnati, 2 suka saɓa. Mai shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya bi matakai uku.

Da farko ya rage wa ma'aunin aikatau matsayi. Ya ce kayan aiki ne mai amfani, amma ba a manne masa har a rufe ido ga sauran kalmomin doka. Idan aka yi haka, za a bar wasu ayyukan da doka ta hana a waje don kawai an rubuta su da sigar da ba ta aikatau ba.

Sannan ya ce laifin sashe na 924(c)(1) ayyuka biyu ne a haɗe, kuma dole gwamnati ta tabbatar da kowannensu: amfani da bindiga, da aikata laifin ƙarfin. Garkuwar aikin hannun wanda ake tuhuma ce, shi ya yi ta, yana kuma cikin yin ta lokacin da ya ɗauki libarbar. A nan shari'ar ta rabu da ta matar Fulorida, wadda ba a tuhume ta da cinikin ƙwayar ba, kuma cinikin ya ƙare kafin ta taɓa kuɗin.

Mataki na uku shi ne wanda ake yawan ambato har yau. Kotun ta ce garkuwa da mutum laifi ɗaya ne dunƙulalle, idan ya fara ba ya ƙarewa sai wanda aka kama ya sami 'yanci, kuma ba shi da ma'ana a yanyanka shi gunduwa-gunduwa bisa taswira. Ba a yi garkuwar Teksas daban, ta Niyu Jasi daban, ta Merilan daban ba. Guda ɗaya ce, an fara ta a Teksas, ta ci gaba a Niyu Jasi da Niyu Yok da Merilan. Kotun ta dogara da wata tsohuwar ƙa'ida daga shari'ar Lombardo ta 1916: idan laifi yana da sassa da suka faru a wurare daban-daban, ana iya shari'ar dukansa a duk inda aka tabbatar an yi wani sashe. Tunda garkuwa sashe ce ta laifin bindigar, kuma an yi garkuwar a Niyu Jasi, to Niyu Jasi wurin shari'a ce. Aka soke hukuncin kotun Filadelfiya, wata 60 suka dawo.

Mai shari'a Antonin Scalia ya rubuta ra'ayin saɓani, John Paul Stevens ya mara masa baya. Scalia bai musa cewa garkuwa laifi ne mai ci gaba ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne kalmar "a lokacin" da ke cikin nassin. Doka ba ta hana garkuwa a wani wuri da bindiga a wani wuri ba, ta hana haɗuwarsu ne a lokaci ɗaya, abin da ya faru lokaci ɗaya kuwa wuri ɗaya ya faru. Ya ce ga mutum mai haƙƙin a yi masa shari'a inda ya yi laifi, an gurfanar da shi kan amfani da bindiga yayin garkuwa a jihar da kowa ya yarda bai yi amfani da bindiga yayin garkuwa a cikinta ba.

## Bayan hukuncin

Ƙa'idar da aka kafa ta zauna, kotuna suna komawa gare ta a duk shari'ar laifin da ya ratsa gundumomi. Tana kuma da tasiri a wani fannin, wato wa'adin shigar da ƙara. Yawancin laifuffukan tarayya da ba na kisa ba suna da wa'adin shekara 5, kuma ga laifi mai ci gaba ƙirgar ba ta farawa sai laifin ya ƙare. Kotun Ƙoli ta gargaɗi alƙalai tun a shari'ar Toussie ta 1970 cewa kada su riƙa kiran kowane laifi mai ci gaba, sai in doka ta faɗa ko yanayin laifin ya tilasta. Garkuwa tana cikin waɗanda yanayinsu ya tilasta.

Dokar bindigar ita ce ta yi ta sauyawa. A ƙarshen 1998 Majalisa ta gyara ta: nuna bindiga don tsoratarwa ya koma aƙalla shekara 7, harba ta kuma aƙalla shekara 10. Sannan a watan Yunin 2019, a shari'ar Davis, Kotun Ƙoli ta rushe wani ɓangare na ma'anar "laifin ƙarfi" a wannan sashe saboda ya yi duhu da yawa. A wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta huɗu, wadda Merilan ke ƙarƙashinta, ta yanke cewa garkuwa a ƙarƙashin sashe na 1201(a) ba ta cika ma'anar da ta rage ba, domin ana iya sace mutum da yaudara ba tare da ƙarfi ba. A 2023 kuma, a shari'ar Smith, Kotun Ƙoli ta ce idan an soke hukunci saboda an yi shari'a a wurin da bai dace ba, ana iya sake gurfanar da mutumin a wurin da ya dace. Alito ne ya rubuta wannan hukuncin.

## Abin da nake gani

Ina ganin masu rinjaye sun yi daidai, kuma harshenmu ma yana taimakawa a gane dalili. Muna cewa "an sace shi", muna kuma cewa "ana garkuwa da shi". Sata tana aukuwa sau ɗaya. Garkuwa kuwa riƙo ce, mai garkuwa yana riƙe da ita muddin yana tsoron sara. Duk wanda aka taɓa tsare ɗan'uwansa ya san cewa kwana na goma bai fi na farko sauƙi ba, kuma sauya masa maɓoya bai mayar da abin sabon laifi ba. Ma'aunin aikatau ya gaza ne domin ya ɗauki ranar kamu da ranar bindiga a matsayin laifuffuka, ya mayar da kwanakin da ke tsakani fili kawai. Ga dillalin, waɗannan kwanakin su ne laifin. Libarbar da ta taɓa ƙeyarsa a Merilan ta sami ƙarfinta ne daga tsarewar da ta faro tun Teksas, da ba a tsare yake ba da ba a kai shi gidan ba.

Damuwar Scalia ba ta banza ba ce, kuma ban ga masu rinjaye sun kawar da ita gaba ɗaya ba. Hukuncin ya ba mai gabatar da ƙara zaɓi mai faɗi. Yana iya duba jihohi huɗu ya ɗauki wadda yake ganin mutanenta sun fi tsanani, ko wadda ta fi nisa da shaidun wanda ake tuhuma. Gyara na shida an yi shi ne don a hana gwamnati irin wannan zaɓin, kuma haƙƙin ba ya raguwa don mai shi mugu ne.

Abin da ya rinjaye ni shi ne wanda ya shata taswirar. Gwamnati ba ta ɗauki ɗan hayan ta kai shi wata jihar da bai sani ba. Shi da abokansa ne suka zaɓi Niyu Jasi, suka shiga gidan mutumin, suka kwana a ciki suna tsare da shi. Mutanen gundumar suna da haƙƙin sauraron abin da aka yi a unguwarsu, har da yadda ya ƙare. Da hukuncin 1997 ya tsaya, gwamnati za ta zaɓi ɗayan biyu a irin wannan lamari: ta bar tuhumar bindiga, ko ta buɗe shari'a ta biyu a Merilan da shaidu iri ɗaya. A ta biyun, dillalin ne za a sake kira ya koma jihar da ya tsere daga cikinta, ya zauna gaban mutumin da ya ɗora masa bindiga, ya sake ba da labarin tun daga Hiyustan.